Ganin Likita Ta Wayar Salula: Me Zai Tsinana Wa Ƴan Kasuwar Iyaka?

Duk mai cin kasuwar Ɗan Isa, ko Konni, ko Matamai, ya san cewa ciwo ba ya duba ranar kasuwa. Idan jiri ya ɗebi mutum a rumfarsa, ko ƙurji ya ƙi warkewa a jikin yaro, wurin farko da ake nufa shi ne asibitin unguwa, wanda muke kira CSI. A can za a tarar da majo da ungozoma, suna iyakar ƙoƙarinsu. Amma da zarar abu ya fi ƙarfinsu, sai su rubuta takarda su ce a wuce Maraɗi ko Damagaram, wani lokaci ma har Yamai, tafiyar kilomita sama da 600 daga Maraɗi. Kuɗin mota na mutum biyu, masauki, abinci, ga rumfa a rufe kwana uku. Sau da yawa wannan asarar ta fi kuɗin maganin kansa, shi ya sa mutum yake daurewa, ya tsaya wurin mai tallar magani a faranti, har ciwon ya ci jiki.

Tushen matsalar sananne ne. A Nijar, idan aka raba likitoci da yawan jama'a, mutum 10,000 ba su samun likita ko guda ɗaya cikakke, kuma yawancin ƙwararrun suna zaune a manyan birane. To, a nan ne maganar duba marar lafiya daga nesa ta shigo.

Yadda abin yake tafiya ba wani sihiri ba ne. Marar lafiya zai je CSI kamar kullum. Majo ya auna zafin jikinsa da hawan jininsa, ya yi gwajin zazzaɓin cizon sauro idan da bukata, ya ɗauki hoton ƙurjin ko kumburin. Sannan ya kira likitan da ke jiran aiki a birni, ko ya tura masa bayanin ta intanet. Likita ya yi tambayoyinsa, ya ce a ba da magani kaza, ko kuma ya ce a kawo mutumin yanzu ba tare da ɓata lokaci ba. Idanu da hannuwan majo ne ke aiki, ilimin likita kuma ya iso ta waya. A ganinmu wannan shi ne tsarin da ya dace da mu, domin akwai wanda ya taɓa jikin marar lafiyar.

Maƙwabtanmu sun riga sun gwada. A Mali, tun shekarar 2001 likitocin Bamako suka haɗa kai da asibitin jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan suka kafa haɗakar da ake kira RAFT, wadda daga baya ta bazu zuwa ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci, har da Nijar. Ta wannan hanya ma'aikacin da ke ƙauye yana tura hoton ciki ko na cutar fata, ƙwararre ya duba ya maido amsa. A Gana kuwa, a shekarar 2011 aka fara gwaji a gundumar Amansie ta Yamma cikin yankin Ashanti, da taimakon gidauniyar Novartis. Ba su jira manyan na'urori ba. Sun buɗe ɗaki guda mai layin waya, da ma'aikatan jinya da likita suna jiran kira dare da rana, ma'aikatan ƙauyuka kuma suna bugowa da salularsu. Gidauniyar ta ce fiye da rabin matsalolin da aka bugo a kansu an warware su ta wayar. Daga baya hukumar lafiya ta Gana ta karɓi aikin ta faɗaɗa shi zuwa wasu yankuna.

Sai dai akwai labarin Ruwanda, wanda ya kamata masu mulki su riƙa tunawa. A 2016 wani kamfani mai suna Babyl ya fara haɗa mutane da likitoci ta ƙaramar waya, har mutum sama da miliyan 2 suka yi rajista. A 2023 uwar kamfanin da ke Ingila ta karye, aka rufe aikin, jama'a suka wayi gari layin ba ya shiga. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin abin da ke faruwa ga wanda ya ɗora duk jarinsa a kan dillali ɗaya.

Mu dawo gida. Abu na farko da zai kayar da wannan aiki a wurinmu shi ne wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, garuruwa suka shiga duhu na tsawon watanni. CSI da ba ta da faifan hasken rana ba za ta iya riƙe ko cajin waya ba, balle kwamfuta. Rezo kuma, mazauna bakin iyaka sun san halinsa: ka taka nan layin Nijar, ka matsa can na Najeriya ya kama, wani wurin babu ko ɗaya. Intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, amma kayansa da kuɗin wata ba abin da ƙaramin asibiti zai ɗauka daga aljihunsa ba ne.

Sannan wa zai biya likitan da ke amsa kira? Wa zai zuba wa majo kuɗin waya? Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma an sha jin kukan asibitoci kan jinkirin maido musu da kuɗin. Idan aka ɗora sabon aiki a kan wannan ba tare da an ware masa kasafi ba, na'urar za ta ƙare cikin kabad da ƙura a kanta.

Akwai kuma batun sirri. Magidanci ba zai yarda a ɗauki hoton jikin iyalinsa da wayar da ake kallon wasan kwaikwayo da ita ba, kuma yana da gaskiya. Dole waya ta zama ta asibiti, a nemi izinin mai jiki kafin a ɗauka, a kuma san wanda zai gani.

Ga ƴan'uwa ƴan kasuwa, inda muke ganin amfanin ya fi yawa shi ne ciwon da ake zama da shi, kamar hawan jini da ciwon sukari. Alhajin da ake cewa ya dawo birni duk wata don a duba shi, zai iya tsayawa CSI da safe, a auna, likita ya gyara masa magani ta waya, ya buɗe rumfarsa kafin hantsi. Amma mace mai zubar jini wurin haihuwa, yaro mai jijjiga, wanda maciji ya sara ko mota ta buge, waɗannan mota suke bukata, kiran waya kawai don a shirya tarbarsu ne.

Kuma a yi hattara da masu kiran kansu likitoci a WhatsApp da Facebook, waɗanda ke cewa a turo kuɗi su aiko da magani a motar haya. Likitan da majo ya haɗa ka da shi yana da suna, da asibitin da yake aiki, da hukumar da za a kai ƙararsa. Idan aka kawo wannan tsari a CSI ɗin garinku, ƙungiyar ƴan kasuwa ta aika wakili zaman kwamitin kula da asibitin, ya tambayi sunan asibitin da zai riƙa amsa kiran, da sa'o'in aikinsa, da abin da za a biya.