Mace Mai Ciki A Wurin Aiki: Yaushe Za Ta Faɗi, Yaushe Za Ta Huta?

A jihar Agadas akwai mata masu aikin albashi. Wasu malaman makaranta ne a Timiya ko Ingal. Wasu suna aikin likita a ƙauyuka. Wasu suna aiki a kamfani, kamar SONICHAR ta Cirozerin ko SOMAÏR ta Arlit. Da yawa daga cikinsu ƴaƴan mutanen karkara ne.

Idan ɗaya daga cikinsu ta samu ciki, sau da yawa sai ta yi shiru. Kunya ce take hana ta magana, musamman idan cikin fari ne. Wata kuma tsoro take ji kada a kore ta. Amma ciki ba ya ɓoyuwa. Wadda ta yi shiru har wata 8, ita ce take shiga wahala: ba takarda, ba wanda zai riƙe mata aiki, kuɗinta kuma su makara.

Abin da doka ta ce

Dokar ƙwadago ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ran 25 ga Satumba 2012, ta ba mace mai ciki haƙƙoƙi. Ga su:

1. Tana da hutun haihuwa na mako 14 a jere. Mako 8 daga ciki bayan haihuwa ne. Sauran mako 6 kafin haihuwa.

2. Idan ciki ko haihuwa ya jawo mata ciwo, kuma likita ya shaida, ana ƙara mata har mako 3.

3. Mai aiki ba shi da ikon sallamarta tana cikin wannan hutu. Ciki ba dalilin kora ba ne.

4. Asusun ma'aikata na CNSS, wanda aka kafa a 1965, yana biyan ta rabin albashinta lokacin hutu. Wadda ta cika shekara 2 a wurin aikin, mai aiki ne yake cika mata sauran rabin.

5. Bayan ta koma aiki, tana da awa 1 kowace rana don ba jariri nono, har ya cika wata 12.

Ma'aikatan gwamnati suna da tasu doka, amma su ma mako 14 ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma mako 14 ta tsayar a shekara ta 2000, ta ce kada a ba mace ƙasa da haka.

Wannan hutu ba alfarma ba ce da shugaba yake yi wa mace. Haƙƙinta ne. Amma haƙƙi ba ya samuwa sai da takarda.

Yaushe ya kamata ta faɗi?

Da farko sai ta je awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara awo kafin ciki ya wuce mako 12, watau wata 3. Tun 2006 gwamnati ta mayar da awon ciki kyauta a asibitocinta. A wurin awo za a ba ta katin awo, a faɗa mata lokacin da ake sa ran haihuwa, a rubuta mata takardar shaida.

Wata 3 na farko su ne aka fi yin ɓari a cikinsu. Shi ya sa mata da yawa suke jira su wuce. Ba laifi. Amma da zarar ciki ya shiga wata na 4, ya kamata shugaban wurin aiki ya sani. Idan aikin mai nauyi ne, ko na ƙura, ko na doguwar tafiya a mota, kada ta jira ko kaɗan. Ta faɗi tun da wuri, ta roƙi a sauya mata aiki marar nauyi.

Yaya za ta faɗi?

Ba sai ta tara jama'a ba. Shugaba kaɗai ya isa. Ta same shi a ofis ta ce: "Ranka ya daɗe, ga takardar likita. Ina da juna biyu, ana sa ran haihuwa cikin Oktoba." Shi ke nan.

Idan kunya ta hana ta, sai ta rubuta wasiƙa, ta haɗa da takardar likita. Ko ta nemi wata babbar mace a wurin aikin ta raka ta. Abu mai muhimmanci shi ne magana ta zama a rubuce, da kwanan wata, ita kuma ta ajiye kwafi ɗaya a gida. Maganar baki tana ɓacewa, takarda ba ta mantuwa.

Sannan ta bincika ko mai aiki ya rubuta sunanta a CNSS, ko tana da lamba. Idan babu, kuɗin hutu ba za su fito ba. Wadda aka hana wa haƙƙinta sai ta kai kuka ofishin insifekta na ƙwadago. CNSS tana kuma ba da kuɗin taimako na ciki, amma sai ga wadda ta yi awon da aka ƙayyade.

Yadda ake lissafin ranar fara hutu

Ciki yana yin wajen mako 40, watau kwana 280, daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara. Ga misali:

Mace ta ga jininta na ƙarshe ran 1 ga Janairu. Ana sa ran haihuwa wajen 8 ga Oktoba. A koma baya mako 6, watau kwana 42: hutu zai fara 27 ga Agusta. A ƙirga mako 8 bayan haihuwa, watau kwana 56: hutu zai ƙare 3 ga Disamba.

Idan ta haihu ran da aka zata, za ta yi arba'in 17 ga Nuwamba. Ke nan suna da wankan jego duk suna cikin hutu, har da rarar kwana 16. Amma a tuna, wannan rana zato ce. Jariri yana iya zuwa mako 2 kafin ta ko bayanta.

Wasu mata suna cewa gara su yi ta aiki har naƙuda ta zo. Wannan ganganci ne, musamman a ƙasar Abzin. Daga Arlit zuwa Agadas wajen kilomita 240 ne. A misalin da aka bayar, ƙarshen Agusta damina ce, lokacin da kori yake kawo ruwa ya yanke hanya. Wadda za ta je goyon ciki gidan iyayenta, ko wadda likita ya ce ta haihu a babban asibitin Agadas, ta yi tafiyarta a farkon hutu. Kada ta bari sai ciki ya tsufa sosai ta hau mota a hanyar duwatsu.

Faɗi da wuri yana taimakon wasu ma. Idan malamar makaranta ta sanar tun da sauran wata 4 ko 5, ana samun lokacin neman wanda zai riƙe ajinta. Idan ta yi shiru, yara ne za su zauna ba malami.

To, matan da ba su da albashi fa?

Yawancin matan karkara ba su da shugaban ofis. Aikinsu daka, ɗiban ruwa, neman itace, kiwon awaki da aikin garka. Doka ba ta ba su takardar hutu ba, amma jikinsu ɗaya ne da na ma'aikaciya. A nan maigida ne yake a matsayin shugaba. Ya kamata matarsa ta faɗa masa da wuri. Shi kuma ya kai ta awo, ya sauke mata aiki mai nauyi mako 6 kafin haihuwa, ya tanadi kuɗin mota, ya san wanda zai kira ko da tsakar dare ne.

Ko ma'aikaciya ce ko matar gida, idan aka ga zubar jini, kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, jijjiga, ko ɗa ya daina motsi, ba a jiran ranar hutu. A tafi asibiti nan take.

Kunya ado ce ga mace, amma kada ta sa a yi asarar rai ko asarar haƙƙi. Da sanyin safiya ake kama fara.