Masu aiki a gida a Zongo: yadda za a gyara wurin zama kafin baya ya ƙage

A unguwar Zongo da ke Wagadugu, gida shi ne wurin aikin mutane da yawa. Tela ya kafa kekensa a zaure, mai ɗinkin hula yana kan tabarma tun safe, ɗaliba ta ɗora kwamfuta a cinya, mai sayar da kaya ta WhatsApp kuma kansa a sunkuye kan waya har dare. In yamma ta yi kukansu ɗaya ne: baya, wuya da kafaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a shekarar 2020, kuma babu ciwon da ya kai shi nakasa mutane a duniya.

Maganin bai buƙatar kujerar ofis mai tsada. Abin da ake nema shi ne tsayin wurin aiki ya dace da jikin mai shi, kuma daga kujera ake farawa. Idan ka zauna, tafin ƙafarka ya taka ƙasa sosai, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa da shi. In ƙafa tana lilo, sa bulo ko guntun katako. Kujerar roba da muke shan shayi a kanta tana jan mutum baya, shi kuma sai ya miƙo wuya gaba don ya ga aikinsa. A naɗe zane a sa a kwarin baya, a ɗora matashi a mazauni. Benci marar majingina ya fi ta wahalarwa in zaman zai daɗe.

Sai tebur. Yawancinsu tsayinsu wajen santimita 75 ne, wanda ya yi wa gajeren mutum yawa, shi ya sa yake wuni da kafaɗa a ɗage. Ma'aunin shi ne gwiwar hannu: a zaune, saman tebur ya zo daidai da ita. In za ka ba kafinta aiki, je ka zauna ya gwada ka, kamar yadda tela yake gwada riga.

Kan babban mutum ya kai kilo 5, kuma duk sunkuyawa ƙarin kaya ce ga wuya. A ɗaga kwamfuta a kan littattafai har saman fuskarta ya zo daidai da ido, nisan hannu guda, a haɗa mata allon rubutu na daban. Mai ɗinkin hula ya jingina da bango, ya sa matashi a cinya don aikin ya hau sama. Haske kuma ya zo ta gefe, domin a ɗaki mai duhu ido ne ke jan kai ƙasa.

Ko zama ya yi kyau, daɗewa a cikinsa illa ce. A miƙe duk bayan minti 30 zuwa 40, kada a jira kiran salla kawai. Ciwon da ya sauka ƙafa da mutuwar jiki, ko ya zo da zazzaɓi ko kasa riƙe fitsari, ba na matashi ba ne. A tafi asibiti ran nan.