Gajiyar Da Ba Ta Sauka: Nas-Nas a Lafia



Duk wanda ya taɓa yin jinya ya san ƙorafin: "Sistar nan ba ta da fara'a." Wani lokaci gaskiya ne, kuma ba mu goyon bayan a wulaƙanta majinyaci. Amma kafin a yanke mata hukunci, a tambaya mutum nawa ke hannunta a daren.

Asibitin da aka fi sani da Dalhatu Araf a nan Lafia shi ke karɓar marasa lafiyar da aka turo daga Doma, Obi, Keana da Awe. Mai naƙuda, wanda ya yi hatsari a hanyar Makurdi, yaro mai suma, duk hannun nas suke fara shiga. Idan rani ya kama, ga fargabar zazzaɓin Lassa, cutar da ke kama ma'aikatan lafiya su kansu inda kayan kariya suka yi ƙaranci. Wadda ta kwana a tsaye cikin wannan hali, ta koma gida ta ɗora tukunya, ta dawo gobe, ƙarfinta yana ƙarewa sannu a hankali.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa. Alamunta uku: ƙarewar kuzari, sanyin gwiwa game da aikin, da raguwar ƙwazo. Wato ba lalaci ba ne, ba kuma rashin imani ba.

Da yawa sun zaɓi tafiya. A Fabrairun 2024, hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista ta ce kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Ingila na daga cikin inda suka fi nufa. Kowace da ta tafi, gadajen da take kula da su sai su hau kan wadda ta rage.

Shi ya sa lokacin da ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, bayan batun alawus ɗin aikin dare da na kayan sawa, ta nemi a ɗauki ƙarin ma'aikata. Kwalejin koyon jinya ta Lafia tana yaye ɗalibai. Abin da ya rage wa gwamnatin Nasarawa shi ne ta ɗauke su aiki, ta biya su a kan kari, ta kuma ba su dalilin zama.