Gangar Lantarki: Abin Dubawa Kafin a Saya

A unguwar Hanwa, inda katanga ɗaya ke raba gida da gida, mai koyon kiɗan gangunan zamani ba ya rabuwa da ƙorafin maƙwabta. Gangar lantarki ta rage wannan damuwa, domin da abin sauraro a kunne kai kaɗai ke jin kiɗanka.

Abin dubawa na farko shi ne fuskar da sanda ke sauka a kai. Ta roba, irin ta Yamaha DTX402, tana da ƙarko, amma tana ƙwanƙwasa, tana kuma gajiyar da wuyan hannu. Ta raga, wadda kamfanin Roland ya fito da ita a 1997, ta fi shiru, sanda na dawowa kamar a kan fata, har ana iya ƙara mata ɗauri. Alesis Nitro Mesh na cikin masu sauƙin kuɗi a wannan sahu, kuma a ganina ita ta fi dacewa da ɗan koyo.

Gangar lantarki wuta kaɗan take ci, ƙaramar inbata ma ta wadatar. Dukan feda kuwa yana ratsa daɓe, sai a shimfiɗa kafet mai kauri.

In ta hannu ce, a buga kowace ganga tsakiya da gefe, a duba wayoyi da adafta kafin a biya.