Daga Sanda Zuwa Wayar Hannu: Yadda Kayan Aiki Ke Juya Fataucin Shanu

'Yan ƙungiya, fatake da fatomomi da dillalai na Tudu, Nima, Mamobi da Ashaiman. Bayaninmu na wannan fitowa a kan kayan aiki ne, wato mota da firiji da waya. Kowa ya san sun kawo sauƙi. Abin da ba mu cika tsayawa mu duba ba shi ne, duk abin da ya shigo sana'a yakan sauke wa wani nauyi, ya ɗora wa wani. Wanda ya gane inda nauyin ya koma, shi ne jarinsa ke tsira.

Abin da masu bincike suka gano

Tun da daɗewa masana sun zauna da iyayenmu a kara suna tambaya suna rubutawa. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta bi kasuwar shanun Kumasi, ta fitar da bayaninta kan fatomomi da dillalai a 1966. Wani kuma, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, littafinsa ya fito a 1969. Abin da Cohen ya lura da shi ya shafe mu ƙwarai. Sa ya fito daga arewa, ya shigo kurmi inda tsando yake, ga sammore na jiran sa. Falke ba shi da halin ya riƙe dabba wata da watanni yana jiran farashi, dole ya sayar da wuri. Mahauci kuwa ba shi da kuɗi a hannu sai ya yanka ya sayar. Daga nan bashi ya zama tushen ciniki, fatoma ya zama mai tsaya wa baƙo, shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke gudu. Kun ga ke nan ɗan ƙaramin ƙuda da nisan hanya su suka gina tsarin amanar da muke taƙama da shi.

Ko unguwanninmu ma shanu ne suka kafa wasunsu. Nima ta faro ne a wajen 1931, lokacin da Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili daga gidan Odoi Kwao don dabbobi su huta kafin a kai su kasuwa. Sunan Cow Lane da ke kusa da Tudu shi ma shaida ne.

Zamanin ƙafa da zamanin mota

A Nijeriya jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, har ya zama ana loda shanu a taragu zuwa kudu. Mu a nan Gana layin dogo bai wuce Kumasi ba, don haka daga Mali da ƙasar Mosi sai kora da ƙafa, makonni ana tafe. Jarin wannan zamani shi ne sanda, da masu kora amintattu, da sanin mashaya. Asarar kuwa a jikin dabba take: ta rame, wata ta faɗi a hanya.

Da babbar mota ta karɓi aikin, tafiyar wajen kilomita 800 daga Paga, ta Bolga da Tamale da Techiman da Kumasi har Ankara, ta koma ta kwana biyu ko uku. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Na farko, mota ba ta tashi sai ta cika, kuma direba ba ya karɓar alkawari. Sai ƙananan fatake suka koyi haɗa kai, mutum uku ko huɗu su cika mota ɗaya, kowa ya sa wa nasa alama da fenti. Na biyu, sabon aiki ya fito: yaran da ke hawa saman katako dare da rana, suna tayar da wanda ya durƙusa kafin 'yan uwansa su tattake shi. Zuba yashi a ƙasan mota da ɗaure ƙaho da igiya a jikin katako, duk dabarun da mutanenmu suka saba da su ne. Na uku, mota ta shiga har cikin zaɓen dabba. Sa mai dogon ƙaho yana cin wurin da ya fi nasa, mai lissafi kuwa da wannan a ransa yake taya shi a Pouytenga ko Bawku. Sannan kiwon turke ya sami daraja, domin kitsen da aka tara a gida yanzu yana isowa Tulaku bai zube a hanya ba.

To ina nauyin ya koma? Ya koma kan sa'o'i. A da kwana ɗaya na jinkiri ba komai ba ne, dabba tana kiwo. Yanzu mota ta lalace a rana, ko takardar likitan dabbobi ba ta cika ba aka tsare ku a shinge, shanu na tsaye ba ruwa ba ciyawa, kuɗinka ne ke narkewa kana kallo.

Firiji da darajar kuɗi

Akwai kayan aikin da ba namu ba ne, amma ya taɓa aljihunmu. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, daskararren naman Turai mai rahusa, wanda gwamnatocinsu ke tallafa wa, ya cika gidajen sanyi ta tashar Tema. Mai tuwo da mai gidan abinci suka sami nama ba tare da sun bi ta kan mahauci ba. Sai a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, shanun Burkina da Mali da Nijar suka yi sauƙi ga mai saye daga waje, ciniki ya farfaɗo. Darasin shi ne, farashin sa a kara ba a kara kaɗai ake yanka shi ba. Har gobe daskararriyar kaza na gogayya da namanmu a tukunyar mutanen gari.

Waya da kuɗin waya

Wayar hannu ta shigo Gana a 1992, amma sai bayan shekara ta 2000 ta isa hannun talaka. A da falke yakan loda ne da tawakkali, bai san abin da zai tarar ba. Yau kafin ka biya kuɗin sa a arewa ka ji farashin Ashaiman. Sai dai fa mahauci ma yana da waya. Ya san mota nawa suka wuce Kintampo da daddare, in sun yi yawa sai ya naɗe hannu ya jira ka gaji. Sirrin da dillali ke ci da shi ya ragu, amma aikinsa bai mutu ba. Hoton da aka turo ta WhatsApp ba ya nuna maka abin da hannu ke ji in ya dafa gadon baya da gindin wutsiya, kuma waya ba ta bin bashi.

Haka batun kuɗi. Dattawa sun tuna lokacin da ake cusa sidi a buhu, kafin Yulin 2007 da aka mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1. A 2009 MTN ta fara kuɗin waya, a 2018 aka haɗa layuka har ana iya turawa daga wani kamfani zuwa wani. Harajin tura kuɗi da aka sa a 2022 an soke shi a 2025. Ɗaukar damin kuɗi a hanyar dare ya ragu, alhamdu lillahi. Amma ɓarawo ya canza salo: maimakon ya tare hanya, sai ya kira ka da murya mai daɗi, ya ce an turo maka kuɗi bisa kuskure, ko ya nemi lambar sirrinka. Ga shi kuma sidi ba ya zama sefa don kawai yana cikin waya. Ribar tafiya guda tana iya tafiya a wurin canji tsakanin ranar da ka sayar da ranar da ka koma saye.

Allura da takarda

Kada mu manta da allura. Bushiya da ta riƙa share garke tun zamanin kakanni, rigakafi ne ya kawar da ita, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011. Amma ciwon huhu da sauransu suna nan. A Yunin 2023 cuta ta ɓulla a yankin Upper East, hukuma ta hana zirga-zirgar dabbobi, masu ragunan Layya suka ji a jikinsu. Ga kuma fitar Burkina da Mali da Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, wanda ya sa ya wajaba mutum ya tambayi halin da iyaka take ciki kafin ya loda.

Abin da ya kamata mu yi

Binciken da Turawa suka zo suka yi, kowane falke zai iya yin irinsa a kan kansa da littafin aljihu. A kowace tafiya rubuta kuɗin saye, da canjin ranar, da kuɗin mota, da abin da aka kashe a kowane shinge, da sa'o'in da aka tsaya, da dabbar da ta faɗi, da ranar da mahauci ya cika biya. Bayan tafiya biyar za ka ga inda kuɗinka ke yoyo da idonka. Bashin da aka ƙulla ta waya a sa shaidu biyu, a ajiye saƙon. Lambar sirri kuwa ko ɗan cikinka bai kamata ya ji ta a waya ba. Wanda ya tara irin wannan lissafi ya kawo wa sakatare a taron wata, domin da shi ƙungiya za ta iya zama da hukuma ta yi magana da hujja.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya raba mu da asara. Amin.