Ajiyar Bindigar Tsaron Gida: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Tun da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi ƙauyukan Arewa, magidanta da yawa sun koma kwana da bindiga a ɗaka. Abin ya kai har a watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Zamfara ta yi shela ta ce mutane su nemi izinin riƙe bindiga don tsaron kansu. Saboda haka tambayar da a ke kawo wa hakimai da dagatai ita ce, shin mai bindigar farauta ya ajiye ta a ɗure saboda masu zuwa da dare, ko kuwa ya ajiye ta wayam? Amsar ita ce kada harsashi ya kwana a cikin bututun bindiga, kuma bindigar ta kasance a kulle, makulli a jikin mai ita. Dalilan wannan suna da yawa, ya kamata kuwa mai sarauta ya san su, domin talaka ba ya karɓar hani sai an gaya masa dalili.

Abin Da Doka Ta Ce

Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai na yaƙi, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na kai, watau irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasinsu. Sa'an nan akwai waɗanda a ke ɗurawa ta baki, watau bindigar toka, su kuwa maganarsu tana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar farauta da aka yanke bututunta ya kasa inci 20 ta fita daga kashi na biyu, ta shiga cikin haramtattu. Ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin ido, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

Hakimi ba shi ne mai ba da lasin ba, amma akwai wuri biyu cikin dokar da suka shafi aikinsa. Na fari, tsaron bindiga yana wuyan mai lasin ko da yaushe, yana gida ko yana kasuwa. In ta ɓace ko an sace ta, tilas ya sanar da hukumar da ta ba shi lasin cikin kwana 14. Na biyu, lasin ba ya shiga rabon gado. In mai bindiga ya rasu, kwana 14 kaɗai doka ta yarda magada su riƙe ta. Malamin da ke rubuta kayan mamaci ya kamata ya tambayi bindiga tun da fari, gama sau da yawa ana barinta jingine a turakar marigayi, ba wanda ya san ko a ɗure ta ke, ga yara suna shige da fice a gidan makoki.

Haɗarin Bindiga Ɗurarriya

Mutane da yawa suna dogara da ɗan makarin nan da ke kusa da kunama, suna tsammani in an tura shi bindiga ta mutu. Ba haka ba ne. A yawancin bindigogin farauta makarin nan kunama kaɗai ya ke tarewa. Ƙarfen da ke saran gindin harsashi yana nan a ɗane, ɗan ƙugiya ne kawai ya riƙe shi. In bindiga ta zame daga jikin bango ta bugi ƙasa da ƙarfi, ƙugiyar tana iya suɓucewa, bindiga ta tashi ba wanda ya taɓa ta. Tsohuwar bindiga da haƙoranta suka cinye, ko wadda maƙeri ya gyara da ƙiyasi, ita ce ta fi yin haka. Akuya ma ta isa ta ture ta.

Sai maganar gobara, wadda ba a cika tunawa da ita ba. Harsashin da ke cikin kwali in wuta ta ci shi fashewa ya ke yi, kwanson ya tsage, ƙwayoyin dalma ba su tafi da ƙarfi sosai ba, domin ba bututun da ya matse su. Amma wanda ke cikin bindiga, in zafi ya kai masa, fita ya ke yi da cikakken ƙarfinsa kamar an harba. To, a lokacin hunturu, sa'ad da ɗakin ciyawa ya kama, maƙwabta ne ke rugowa da tulunan ruwa, su ne kuma za su tsaya a gaban bakin bindigar da aka soke a jinka.

Babban haɗari duk da haka yara ne. Yaro ya san inda ubansa ke ɓoye kome, ko a ƙarƙashin gado, ko a bayan tukwane, ko a rufin ɗaki, jan kunama kuwa bai fi ƙarfin yatsan yaro ƙarami ba. A Amurka, inda bindiga ta yi yawa a gidaje, wani likita mai suna David Grossman da abokan aikinsa sun buga sakamakon bincikensu a 2005. Sun gwama gidajen da yaro ko saurayi ya harbi kansa ko waninsa da gidajen da haka ba ta faru ba, suka tarar inda a ke ajiye bindiga a kulle, ko kuwa ba harsashi a cikinta, haɗarin ya ragu da wajen kashi 70 cikin 100. Zaman Amurka dabam ne da zaman ƙauyen Hausa, amma ƙiriniyar yaro ɗaya ce ko ina. A Ingila kuwa, bayan kashe-kashen da wani ya yi a garin Hungerford a 1987, an tsananta doka, har ajiyar bindigar farauta a wurin da wani ba zai kai gare ta ba ta zama sharaɗin lasin.

In irin wannan ta faru a kan ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Amma mai shari'a zai tambayi wanda ya ɗura bindigar, da inda ya ajiye ta.

Yadda Za A Ajiye Ta

Hujjar masu barin bindiga a ɗure ita ce ɓarawo ba ya sallama. Gaskiya ne. Amma mai bindigar da a ke karyawa a tsakiya, in ya saba, saka harsashi biyu ba ya ɗaukarsa fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ke ba maigida lokaci shi ne kare a tsakar gida, da ƙofar zaure mai sakata ta ƙwarai, da sintirin unguwa. Wanda kuwa bai farka ba sai da aka tsaya a kansa, bindigar da ke gefen gado ta zama ta ɓarawo. Ɗan jinkirin nan ma yana da amfani, domin a cikinsa ne barci ke sakin ido.

Wurin ajiya mafi kyau shi ne akwatin ƙarfe dogo, wanda aka kafe da ƙusoshi a jikin bango ko aka dasa gindinsa cikin siminti, don kada a sungume shi dungum. Wanda bai sami wannan ba sai ya karya bindigar, ya zura sarƙa ta jikinta, ya ɗaure da wani ƙarfe da aka kafa a bango, ya sa kwaɗo. Harsashi ya zauna a wani akwati dabam mai nasa kwaɗon. Makullai su kasance a jikin maigida dare da rana, kada a rataye su a ƙusa, kada kuma a ba yaro ya ɗauko wani abu da su. In dare ya yi aka rufe turaka, yana iya buɗe akwatin harsashi ya sa kaɗan kusa da hannunsa, da asuba ya mayar kafin ya fita masallaci. Nan ne a kan yi sakaci, domin daren da aka kwana lafiya shi ke kawo mantuwa.

Akwai irin bindigar da a ke ja baya a tura gaba, mai ajiye harsashi da dama a wani bututu na ƙasa. Masu ita waɗansu su kan cika bututun ƙasa su bar na sama wayam. Wannan ya fi barin harsashi a sama, gama ko ta faɗi ba ta tashi, amma yaron da ya taɓa ganin yadda a ke ja zai iya, saboda haka ita ma sai a kulle.

Bindigar toka ta fi duka wuyar sha'ani, domin ba a iya buɗe ta a duba cikinta. Dabarar ita ce a zura sandar ɗuri sa'ad da bindigar ta ke wayam, a yi tsaga a jikin sandar daidai bakin bututu; duk ran da aka zura aka ga tsagar ta tsaya a sama, to akwai ɗuri a ciki. Cire 'yar hular da ke ba da wuta yana rage haɗari, amma abin da ya fi shi ne a sauke ɗurin a daji kafin a shigo gari. Albarushin da ya daɗe a bututu yana shan raɓa da damina, ya ci ƙarfe, kuma ran da a ke bukatarsa ya ƙi tashi ko ya tashi a makare. In an ja kunama ba ta tashi ba, a riƙe bakinta wajen da ba kowa har minti guda ko fiye. Ga mai harsashin kwanso rabin minti. Kada a kuskura a farke harsashin kanti a zuba garinsa cikin bindigar toka, ƙarfinsa ya fi abin da bututunta zai ɗauka.

Kowace iri ce, a riƙa duba bututu bayan an tabbata ba kome a ciki. Zanzaro yana son yin ɗakinsa na laka a bakin bindigar da ta daɗe a rataye, bututun da ya toshe kuwa fashewa ya ke yi a hannun mai harbi. Haka kuma kada a gama harsashi mai lamba 20 da mai lamba 12 wuri ɗaya. Ƙaramin ya kan zurma cikin bututun babbar bindiga ya maƙale, mutum ya ga kamar bai sa kome ba, ya ƙara wani a bayansa.

In Ranar Ta Zo

A cikin ɗaki ko tsakar gida ƙwayoyin dalma ba su riga sun watsu ba, a dunƙule su ke tafiya, suna huda zana da asabari da ƙofar kwano kamar babu. Gidan Bahaushe kuwa ɗaki yana fuskantar ɗaki, bayan danga ga maƙwabci. Wanda ya harbi motsi cikin duhu yana iya samun ɗansa da ya dawo daga hira, ko matarsa da ta fito kewayawa. Saboda haka tocila ta zauna tare da makulli, kada a ɗaga bindiga sai an ga fuska, an kuma yi magana.

Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta ba mutum ikon tsaron ransa da dukiyarsa da na waninsa, amma ta iyakance shi: ba a yarda ya yi ɓarnar da ta wuce abin da tsaron ke bukata ba. Ɓarawon da ya juya ya sheƙa a guje hannu wofi, harbinsa a baya ba tsaron kai ba ne. In an yi harbi, ko an sami mutum ko ba a samu ba, mai unguwa ya kai labari ga dagaci, dagaci ga hakimi, a sanar da 'yan sanda nan da nan. Malamin hakimi ya rubuta rana da sa'a, da sunan mai bindiga, da lambar lasinsa, da sunayen waɗanda suka gani, a kuma bar bindigar da kwanson harsashin yadda su ke har 'yan sanda su iso.