Gwanjon tabar siga a intanet: Yadda ake samun araha a kasuwar da takunkumi ya raba biyu

A bikin taba na shekara-shekara da aka gudanar a birnin Habana na ƙasar Kyuba a 2023, an yi gwanjon akwatin ajiyar taba guda ɗaya mai tambarin Cohiba a kan yuro miliyan 4.2, kuma kuɗin ya tafi asusun kiwon lafiyar ƙasar. A shafin CigarBid na Amurka kuwa, akan buɗe tayin ƙunshin taba daga dala 1. Duka biyun gwanjon tabar siga ne, wato ƙatuwar tabar nan da ake naɗewa da ganyenta maimakon takarda, amma dabarar da ke kawo araha a ɗaya tana iya jawo asara a ɗayan.

Siyasa ce ta raba kasuwar. A watan Fabrairun 1962 Shugaba John F. Kennedy ya ƙaƙaba wa Kyuba takunkumin kasuwanci. Sakataren yaɗa labaransa, Pierre Salinger, ya ba da labarin cewa sai da ya samo wa shugaban kara 1,200 na tabar H. Upmann kafin ya sa hannu a takardar. Har yau haramun ne sayar da tabar Kyuba a Amurka, kuma ɗan sassaucin da gwamnatin Obama ta yi wa matafiya, gwamnatin Trump ta soke shi a 2020.

Saboda haka shafukan gwanjon Amurka galibi na sayar da tabar Nikaraguwa da Honduras da Jamhuriyar Dominika ne. CigarBid ɗan uwan kantin Cigars International ne, kuma dukansu na ƙarƙashin kamfanin Scandinavian Tobacco Group na ƙasar Denmark. Mai gwanjon shi ne mai kayan, kuma kayan ba sa ƙarewa. Abin da ya kufce wa mai saye yau, galibi zai sake fitowa ba da jimawa ba, don haka haƙuri ne babban makami a nan. Masu sayen da suka daɗe a shafin sun laƙaba masa suna shafin shaiɗan, domin mutum kan shiga neman akwati ɗaya ya fito da biyar.

Tabar Kyuba kuwa a Turai ake gwanjonta, a shafuka irin su Bond Roberts da C.Gars na Landan, inda yawancin kayan na masu tara taba ne da suka kawo a sayar musu. Nan ƙaranci ke mulki. A 2020 kamfanin Imperial Brands na Birtaniya ya sayar da rabin da yake da shi a Habanos S.A., kamfanin da ke fitar da tabar Kyuba zuwa duniya. A 2022 Habanos ya daidaita farashin Cohiba da Trinidad da na Hong Kong, abin da ya ninka farashinsu biyu zuwa uku a wasu ƙasashe. A watan Satumbar wannan shekarar guguwar Ian ta afka wa lardin Pinar del Río, inda ake noman ganye mafi daraja, ta rushe rumfunan shanya shi. Ƙasar Sin ce yanzu kan gaba wajen saye. Duk da ƙarancin kaya, cinikin kamfanin ya kai dala miliyan 721 a 2023.

A kowace daga cikin kasuwannin biyu, aikin mai neman araha yana farawa ne kafin ya taya. Ya san farashin kanti, ya raba shi da yawan karan da ke cikin akwati, sannan ya lissafa abin da ba ya bayyana a allon tayi: la'adar mai gwanjo, kuɗin aikawa, haraji da asarar canjin kuɗi. A ce akwati mai kara 25 ana sayar da shi dala 250 a kanti, wani kuma ya same shi a gwanjo kan dala 200. Idan la'ada kashi 15 cikin ɗari ce, aikawa kuma dala 30, ya biya dala 260 ke nan, alhali yana murnar ya ci kasuwa. Wannan ne ya sa gogaggun masu saye ke tara abin da suka ci a mako su sa a aiko musu a ƙunshi ɗaya, inda shafin ya yarda da hakan.

Bayan lissafi sai iyaka. Shafuka da dama na bai wa mai saye damar shigar da ƙarshen abin da zai iya biya, na'ura ta riƙa ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan har zuwa wannan adadi. Amfaninta shi ne tana cire zuciya daga cinikin. Mintunan ƙarshe na gwanjo an tsara su ne don tayar da ƙwarin gasa, kuma wasu shafukan na ƙara lokaci duk sa'ad da sabon tayi ya shigo dab da rufewa, don haka dabarar laɓewa a yi wuf a daƙiƙar ƙarshe ba ta aiki a ko'ina. Tun 1971 injiniyoyi uku na kamfanin mai na Atlantic Richfield suka bayyana matsalar, bayan nazarin gwanjon filayen haƙar mai: wanda ya yi nasara sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa kuskuren ƙiyasta darajar kayan. Akwai kuma tayin bogi, inda mai kaya ke sa wani ya riƙa tura farashi sama. Wanda ya tsaya a kan iyakarsa, wannan ha'incin ba zai kai shi inda bai shirya ba.

Babbar asarar dai tana wajen jabu, kuma Cohiba ce aka fi kwaikwaya. Akwatin gaske na ɗauke da koren hatimin gwamnatin Kyuba, wanda tun 2009 aka ƙara masa tambari mai ƙyalli da lambar tantancewa da ake iya dubawa a shafin Habanos. A ƙasan akwatin akwai alamar masana'anta da wata da shekarar da aka cika shi. Amma 'yan damfara kan sayi akwatin gaske da aka shanye su cika shi da jabu, wasu dillalan bayan fage kuma kan kankare lambar don ɓoye inda kayan suka fito. Shi ya sa hoton karan kansu, da tarihin mai sayarwa, da ƙa'idar mayar da kaya suka fi hatimi nauyi. Akwatin Cohiba mai murfin gilashi da ake tallata wa 'yan yawon buɗe ido jabu ne kai tsaye.

Ajiya ma na cikin farashi. Taba na buƙatar laima kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da wuri mai sanyi. Idan ta bushe man ganyen ya tafi, idan zafi ya yi yawa ƙwan ƙwaron taba ya ƙyanƙyashe ya huda akwati gaba ɗaya. Tsufan taba na ƙara mata daraja ne kawai idan an san hannun da ta zauna. Abin da lissafin araha ba ya nunawa shi ne babban kara ɗaya na iya ƙunsar taba kwatankwacin kwalin sigari guda, kuma tana jawo kansar baki da maƙogwaro ko da ba a zuƙi hayaƙin zuwa huhu ba.

A Najeriya, Dokar Taƙaita Amfani da Taba ta 2015 ta hana sayar da taba ta intanet ko ta gidan waya, don haka irin wannan gwanjo ba shi da hurumi a cikin ƙasar. Gwanjon intanet da 'yan Najeriya suka fi sani shi ne na Hukumar Kwastam, wadda ta buɗe shafin sayar da motoci da kayan da aka kama a 2017, ta kuma sake ƙaddamar da shi a watan Janairun 2024. Can ma mai tayi yana gasa ne da mutanen da ba ya gani, a kan kayan da galibi a hoto kawai ya san su, agogo kuma na tafiya.